Motar Doya a Filin Tsere

Ni dai aji huɗu na yi a makarantar boko, aka ga kaina ya cika, na fito. Akwai masu cewa korata aka yi. Waɗannan mutane duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, saboda haka maganata ce ta tsaya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ɗan jami'a ya karanta abin da zan rubuta a kan shirya motar tsere ya ɗauka ya sami abokin gardama. Ilimin da ke cikin takardar nan da fatar yatsu aka saye shi, a ƙarƙashin mota, a unguwar Nima, gefen babbar kwata.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyon kanikanci a hannun maigidana, wanda kowa ke kira Masta. A wajenmu ba ka zama makanike mai cin gashin kansa sai ubangidanka ya yaye ka: a tara dattawa, a yi addu'a, a raba goro, ya miƙa maka sifana da hannunsa. Kafin wannan rana, ko gemunka ya kai cibiya, yaron gareji ne kai. Waɗanda suka zo bayana an yaye su ina kallo, har ni ke shimfiɗa tabarmi. Ni kuwa duk sanda aka taɓa wa Masta maganata sai ya ce, "Dogo bai nuna ba tukuna," kamar ni ayaba ce. Mutane na cewa don hannuna yana masa amfani ne ya ƙi sakina. Ni ban ce ba.

Da abin a kaina kaɗai ya tsaya, da na ci gaba da haƙuri. To amma akwai wata yarinya a unguwar Maamobi, wadda a yau ita ce ke yi mini faɗa idan na manta tabarau a kan buta. Mahaifinta ya ce ba ya ƙina, sai dai ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da har yanzu ake aika sayen shayi ba. In an yaye ni, in turo magabatana. Kun ji inda takalmin ke matsa ni.

Masta ƙaton mutum ne. In ya zauna a benci, wanda ke ɗaya gefen sai ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa. Gwanintarsa sifirin ce. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙasan mota ba: motocin wancan zamani bayansu a kan wasu dogayen ƙarafa masu faɗi yake zaune, an jera su wani kan wani an ɗaure, kowane ɗaya muna ce masa falle. Kamfani ya sa nasa, daidai nauyin Bature da matarsa da kare. Mu kuma a nan mota doya take ɗauka, da buhun albasa, da mata biyar da kwandunansu. Don haka tun daga kasuwar Tudu direbobi ke zuwa Masta ya ƙara musu falle. Motar da ta fito daga hannunsa za ka gane ta daga nesa, baya a sama, hanci a ƙasa, kamar akuya mai shan ruwa. Sai an lafta mata kaya take daidaita. A wurin Masta duk cutar mota ɗaya ce, maganinta ma ɗaya. Ko fitila ce ta mutu, sai ya fara leƙa sifirin.

Cikin masu kawo mana gyara akwai wani direban tasi, Bakotokoli, gajere mai saurin hannu. Ya girme ni, ina ce masa Yaya. Motarsa tsohuwar dizal ce, injinta ya kai nauyin saniya, in an tayar da ita sai ka ce ana dakan sakwara a gida uku. Masta da hannunsa ya ƙara mata falle uku a kowane gefe, kuma yana alfahari da ita, don ba a taɓa jin ta durƙusa da kaya ba.

Wannan abu ya faru ne kamar shekara biyu bayan shekarar nan ta yunwa da layin burodi, lokacin da mutane suka soma samun ƙarfin yin dariya. Wata Litinin da safe muna teburin mai shayi, sai ga Direba ya zo da labari. Jiya Lahadi ya kai wani fasinja can hanyar Tema, wani tsohon fili mai kwalta a bayan wani sito. Ya tarar da Turawa da Kwarori da 'ya'yan masu kuɗi suna wani wasa da motoci. Ba a jere suke tsere ba. An dasa gangunan mai da tsofaffin tayoyi a filin, an yi hanya mai lauje-lauje a tsakaninsu. Mota ɗaya ke shiga, ta kewaya ta fito, wani yana riƙe da agogo. Wanda ya fi sauri shi ya ci, wanda ya taɓa ganga a ƙara masa lokaci.

Hausar Direba irin tamu ce ta Zongo, wadda ba ruwanta da mace da namiji. Ya ce, "Masta, wallahi lungun Nima ne kawai, an cire awaki da yara. Na ce musu motana zai iya. Sai wani saurayi mai gajeren wando, agogo a wuya, ya dubi motan ya yi dariya. Wai jaki ne. Wai dizal ba ya shiga wurin dawakai."

Masta ya ajiye kofinsa. "Motar da na ɗaura wa sifirin ce jaki?"

"Haka ya ce."

"A gaban mutane?"

"Har da mata, Masta."

Mai shayi yana ta sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Shi ne ma ya tsoma baki, Allah ya saka masa, ya ce ai wannan aikin Dogo ne, tunda shi ke kwana a ƙasan motar nan. Masta ya dube ni sama da ƙasa, tafiya ce mai nisa. Ya ce, "To ku shaida. Nan da mako biyu motar nan za ta shiga. In ta kewaya ba ta taɓa ganga ba, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba, na yaye wannan dogon. In ta kunyata ni, ya ƙara shekara biyu."

Aka yi shewa. 

Lahadin da ta biyo na bi Direba muka je kallo, don gani ya kori ji. Abin da na fara lura da shi, duk motocin nan a kwance suke, cikinsu kusa da ƙasa, kamar kadangare a kan dutse. In sun shiga kwana ba sa karkata can-can. Na ga wani dattijon Bature ya tsuguna yana zana layi da alli a gefen tayarsa. Na tattaro Turancin aji huɗu na tambaye shi. Mutumin kirki ne, ya nuna mini da hannu fiye da baki. In ka ja layin alli daga inda taya ke taka ƙasa zuwa gefenta, ka kewaya ka dawo, sai ka duba inda allin ya goge. In ya goge har can gefe, tayar naɗewa take yi a kwana, iska ta yi kaɗan. In ko baki bai kai ba, iska ta yi yawa, tayar da tsakiyarta kawai take taka ƙasa. Alli fa! Abin da na sani tun aji ɗaya, har na sha duka a kan cinsa. Ashe ilimina bai tafi a banza ba.

Na dawo da ciki cike da magana, amma yaron gareji ba ya ce wa ubangidansa ga yadda za a yi. Ba a yi. Iyakacinka ka kawo maganar a sigar tambaya, kamar kai ne jahilin, ko Allah zai sa ya ba ka umarnin da kake so. Na jira ya ci ya ƙoshi, ya sa goro a baki, na ce, "Masta, ni kuwa wani abu ya ɗaure mini kai. Me ya sa motocin mutanen can duk suke kwance a ƙasa?"

Ya ce, "Don ba su taɓa ɗaukar doya ba. Ragwaye ne."

"Haka ne, Masta. To ita tamu, ranar nan ai ba doya a ciki."

"Shi ya sa za ta tashi sama. Je ka cika tayoyin nan da iska, su yi tauri kamar dutse. Mai gudu da ƙafarsa yake tsayawa."

Ranar Alhamis da yamma muka kai ta filin ƙwallon da ke bayan Maamobi don gwaji. Muka dasa ganguna huɗu. Direba ya taso da gudu, ya karya kwanar farko. Hancin motar ya yi kamar bai ji ba, nauyin injin nan ya ja shi gaba. Direba ya ƙara murɗa sitiyari ya ɗaga ƙafa daga totur. Sai bayan, wanda ba kowa ba komai a kansa, ya yi tsalle biyu kamar kwaɗo, ya zagayo ya wuce gaban. Ƙura ta lafa muka ga motar tana kallon inda ta fito, ganga ɗaya tana gangarawa wajen masu sayar da lemu. Direba ya leƙo ta taga, ido waje, ya ce, "Ƙanena, waye ya juya filin?"

Masta ya je ya dafa but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan motar, da hannu biyu ya danna. Ko gezau motar ba ta yi ba. Ya gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta. "Na gani. Falle bai isa ba. Dogo, ka ƙara biyu kowane gefe."

Ranar Asabar, ana gobe tsere, Masta yana da sunan jikarsa a Alajo, wuni zai yi. Da sassafe ya zaɓo mini sababbin falle da kansa, ya ajiye a gabana, ya sa babbar rigarsa ya tafi. Ya ce gobe daga gida zai wuce filin, a can za mu haɗu.

Na zauna a kan taya ina kallon ƙarafan nan. Gaba damisa, baya siyaki. In na bi umarni, motar za ta yi rawa a gaban Turawa, in ƙara shekara biyu. In na bi abin da idona ya gani, sai na kwance aikin da Masta ya ɗaura da hannunsa, abin da a shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin wani yaro ya yi ya kwana a garejin ba. Wannan ba shekara biyu ba ce, kora ce, kuma wanda ubangidansa ya kora, ba mai yaye shi a duk Nima.

Direba ya zo ya same ni a haka. Na gaya masa abin da ke raina. Ya ce, "Kai, chale, abokina! Ka cire abin Masta? Ni ban ji ba, ban gani ba." Ya dubi motarsa. "Amma in ka cire, ba zai sake juya ni ba?"

"In Allah ya yarda."

"To kawo jak. Ni dai ban gani ba."

Muka ɗaga ta muka ɗora a kan gungumen katako. Na kwance kusoshin da ke riƙe da sifirin, na yi bisimilla, na zare falle ukun Masta a dama, na zare na hagu.  Da muka sauke ta, sai ta zauna daidai, gaba da baya, karon farko a shekaru. Direba ya kewaya ta ya ce ta yi kama da motar mutane.

Sauran aikin duk na raba nauyi ne, ku saurara da kyau, ba kullum nake koyarwa kyauta ba. Motar dizal matsalarta kai. Duk nauyin yana gaba, shi ya sa take ƙin shiga kwana. Na ciro batir daga gaba, shi ma wani ɗan maraƙi ne, na kai shi but na ɗaure, na ja masa wayar walda da na aro wurin maƙwabcinmu. Na sauke kariyar da ke kan rufi, don nauyin sama shi ke sa mota karkata. Shokazoba kuwa a lokacin ba sabuwa a kasuwa ko ta magani, don haka na huda tsofaffin, na tsiyaye ruwan da ya mutu, na ɗura mai mai kauri na toshe da kusa, don motar ta daina lilo bayan an karya kwana. Na ja zaren buhu a gefen tayoyi na auna, na ɗan buɗe bakin na gaba, kaurin ashana ɗaya, don hancin ya riƙa amsa kira da wuri. Wannan yana cin taya, kada wani ya je ya yi wa motar haya ya ce ni na sa shi.

Bayan la'asar muka koma filin ƙwallo da allina a aljihu. Mu ja layi, Direba ya kewaya, in duba, in rage iska ko in ƙara da famfon ƙafa. A ƙarshe na gaba suka tsaya da ɗan tauri, na baya da ɗan laushi. Na ce masa, "Yaya, ka sa giya biyu ka manta da ita, hannunka a kan sitiyari. Dizal saniya ce, ba doki ba. Ba ta ihu, ja take yi. Ka taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba." Ya ce tun ina tsumma yake tuƙi. Amma ya bi maganar, kuma sau shida ya kewaya gangunan nan filin bai juya ba.

Fallayen da na cire ban jefar a ƙasa ba. Na wanke su da kananzir, na shafa musu mai, na naɗe a buhu mai tsabta tare da sababbin, na sa a ƙarƙashin bencin Masta. In za a kore ni, a kore ni da ladabina.

Lahadi da hantsi muna filin. Mota goma sha ɗaya ce za ta shiga, tamu kaɗai mai launin tasi. Saurayin nan mai agogo a wuya ya rubuta mu yana ta murmushi. Can sai ga trotro guda, wato bas ɗin haya, ta tsaya, rabin teburin mai shayi suka sauko, Masta a gaba cikin babbar riga. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ta canza. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga bayan motoci ba sai an gaya masa ba. Ya zo ya kewaya ta sau ɗaya. Ya dafa but ya danna, ta sauka a hankali ta dawo ta tsaya. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙasa, na ga leɓensa yana ƙirga. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Bai dube ni ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Aka ce kowace mota sau biyu za ta shiga, a ɗauki wanda ya fi kyau, kuma an yarda mutum ɗaya ya zauna tare da direba in ya sa hular kwano. Sai Masta ya ce a ba shi hular.

Direba ya ce, "Masta, ai da ka zauna ka yi kallo."

"Motar nan daga garejina ta fito. In za ta kife, ta kife da ni."

Ya cire hularsa ya ba ni riƙo, har yanzu bai dube ni ba. Hular kwanon ta tsaya masa a tsakiyar kai kamar murfin tukunya. Kuma bai shiga gaba ba. Babban mutum ba ya zama kusa da direba. Ya buɗe baya ya zauna a kusurwar dama, inda mai mota ke zama. Motar ta yi wani nishi ta tsuguna ta wannan gefe. Ni da na yi lissafina kaf a kan mota ba kowa a baya, na ga tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota ta koma yatsa biyu. Na buɗe baki, na tuna ko ni wane ne, na rufe.

Aka ɗaga tuta. Ta tashi da baƙin hayaƙi har mai agogo ya ja da baya yana tari. Kwanar farko ta dama ce, ta shige lafiya lau, mutanenmu suka yi kabbara. Ta biyu ma haka. Ta uku ta hagu ce mai tsanani, nauyi duk ya koma kan kusurwar da Masta yake. Muka ji ƙara kamar ana yanka ƙarfe, farin hayaƙi ya fito daga tayar baya, motar ta zame gefe ta daki ganga da ƙugunta. Gangar ta faɗi ta yi ta birgima, duk filin ana jin ta. Direba ya ƙarasa, amma an ƙara masa lokaci, kuma da aka gama zagayen farko sunanmu ne a ƙasan allo.

Masta ya fito, ya sa hannu a saman tayar ya shafa, ya ga inda jikin mota ya goge ta. Ya duba ta hagu, ba abin da ya taɓa ta.  Azahar ta yi, muka shimfiɗa kwalaye a gefen sito muka yi salla, shi ya ja mu. Ni dai ban san surar da na karanta ba.

Da aka shafa, mutane suka tashi, ya ce, "Dogo, zo nan." Na je na tsuguna. Ya ce, "Kwana biyun farko ba ta yi tsalle ba."

"Ba ta yi ba, Masta."

"A ta uku ta ci taya." Ya ja carbi biyu uku. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba a shekara goma sha ɗaya, ba gare ni ba, ba ga kowa ba. Ya ce, "To yanzu yaya za a yi?"

Amsar a bakina take, kalma uku ce. Amma ta yaya za ka ce wa ubangidanka ya yi nauyi? Na dubi ƙasa, na dubi sama, na ce, "Masta, ranar nan ta yi zafi ƙwarai. Ga wata inuwa can mai kyau a gindin darbejiya, kuma daga can ana ganin filin duka."

Ya zuba mini ido. "Wato na yi nauyi."

"Ni ban ce ba, Masta."

"Buhun masara nawa?"

Direba da ke bayanmu, wanda bai ji ba bai gani ba, ya ce, "Biyu da rabi, Masta."

Sai cikin Masta ya soma motsi, kafin dariyar ta iso bakinsa. Ya miƙo mini hular kwanon ya ce, "Kai ne sillan kara. Shiga ka ji aikinka da ƙugunka. Kuma gaba za ka zauna, ba ka kai zaman baya ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni da na shirya motar nan, rabin zagayen idona a rufe yake. Abin da na sani, Direba ya sa giya biyu bai sake taɓa ta ba, yana ta yi wa motar magana da Kotokolanci. Ina jin bayanta yana bin gabanta kamar yadda Allah ya tsara. Da muka doshi kwanar hagun nan na buɗe ido ɗaya. Ya taka birki tun da sauran tafiya, ya saki, ya murɗa, hancin ya amsa, gangar ta wuce ta gefen tagata har ina karanta rubutun jikinta. Ba ƙara, ba farin hayaƙi, sai baƙin namu na gado. Muka fito ganguna duk a tsaye.

Na bakwai muka zo cikin goma sha ɗaya. Na san akwai wanda zai ce na bakwai ba ci ba ne. Wannan bai san lissafi ba, ni na yi aji huɗu. Motocin fetur huɗu ne a bayanmu, ɗaya ma ta abokin mai agogo ce. Dattijon Baturen nan ya zo ya duba allin da ke tayarmu, ya ɗaga mini babban yatsa. Mai agogo kuwa ya ce jakin nan yana da wayo. Direba ya ce masa gobe in yana da doya a Tudu ya neme shi.

A hanyar dawowa Masta bai yi mini magana ba, kuma ya hau trotro, bai shiga tasin ba. Na kwana ban san matsayina ba, don sharaɗi ya cika, amma laifin kwance aikinsa yana nan.

Da safe na riga kowa zuwa gareji. Na same shi zaune a bencinsa, buhun nan a buɗe a gabansa, yana shafa fallayen da na wanke. Ya ce, "Wa ya sa musu mai?"

"Ni ne, Masta."

"Hm." Ya naɗe buhun. "Muje shayi."

Teburin a cike yake, kowa na ba da labarin jiya, har waɗanda ba su je ba. Masta ya zauna, bencin ya ɗaga mutum biyu. Ya kurɓi shayi ya ce, "Motar tsere ba ta son falle da yawa. Tun farko abin da nake nuna wa yaron nan ke nan. Sai da na bar masa garejin wuni guda kafin ya gane." Mai shayi ya dube ni, na dubi burodina. Na ce, "Haka ne, Masta." Ya ce, "Juma'a ta sama, bayan an sauko masallaci. A gaya wa liman. Kai kuma ka sayo goro mai kyau, ba irin wanda kake sayo mini ba."

Kafin in gama godiya ya ɗaga hannu. "Ba ka gama ba. Yau Litinin, matan Tudu na jiran motarsu. Je ka mayar da falle ukun nan inda ka same su, da batir, da kariya. Doya ba ta san tsere ba."

Na mayar, kuma shi ne aiki na ƙarshe da na yi a matsayin yaron gareji. Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi, wani ne ya shimfiɗa ba ni ba. Masta ya miƙo mini sifana, ya haɗa da sababbin fallayen nan da na ƙi ɗaurawa, ya ce in tafi da su tunda na fi ƙarfinsu. Mahaifin yarinyar Maamobi yana sahun gaba, ya ɗebi goro biyu, ya ce wa kawuna ƙofarsa a buɗe take.

Ɗaya daga cikin fallayen na rataye a ƙofar garejina, shi nake bugawa in yara sun daɗe wurin cin abinci. Na yaye mutum tara da hannuna. Akwai wani dogo a cikin na yanzu, kwanan baya ya zo yana sosa ƙeya, wai wani abu ya ɗaure masa kai, yana so ya yi tambaya. Na ce masa ya jira in ci in ƙoshi tukuna.